Ons Jabeur ta yi shekara goma a hanya, Victoria Mboko ta iso tana ƴar 18: ina bambancin yake?

Cikin mako uku kacal, abubuwa biyu sun faru a duniyar wasan tanis da suka hana ni sakat. Ranar 17 ga Yulin 2025, Ons Jabeur ƴar ƙasar Tunusiya, macen da ta fi kowace ƴar Afirka nisa a wannan wasa a zamaninmu, ta sanar cewa za ta ajiye raket ta huta. Ta ce shekara biyu ke nan tana matsa wa kanta tana fama da raunuka, kuma ta daɗe rabonta da jin daɗin fili. Ranar 7 ga Agusta kuma, wata yarinya ƴar shekara 18 mai suna Victoria Mboko, wadda iyayenta ƴan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ne, ta ɗaga kofin gasar Montreal bayan ta doke Naomi Osaka a wasan ƙarshe. Tutar da aka ɗaga mata ta Kanada ce.

Na san wani zai ce, haba malam, ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro kai kuma kana zancen tanis? Wasan masu kuɗi, wasan da ko a gidan kallo ka ce a sa maka sai an yi maka dariya? Gaskiya ne, na sha wannan dariyar. Amma a yi min haƙuri a bi ni, don zancen ya wuce ƙwallo da raga. Zance ne na abin da ke faruwa da yaro mai baiwa a nahiyarmu daga ranar da aka gama yi masa tafi zuwa ranar da zai iya ciyar da kansa da baiwar tasa. A wannan tsakanin ne muke asarar yawancinsu, kuma labarin tasowar Jabeur ya nuna wurin ƙarara.

Matan nan biyu suna da kamanni masu ban mamaki. Kowacce ita ce auta cikin ƴaƴa huɗu. An haifi Jabeur ranar 28 ga Agustan 1994, Mboko kuma ranar 26 ga Agustan 2006, wato shekara 12 tsakaninsu, saura kwana biyu. Kowacce ta tashi a gidan da ake buga tanis. Amma Jabeur sai da ta kai shekara 26 kafin ta ci kofinta na farko a matakin manya, ita kuwa Mboko ta ci nata tana 18, kuma kofin da ya fi na Jabeur na farko girma nesa ba kusa ba.

Daga filin otal

An haifi Jabeur a Ksar Hellal, ta tashi a yankin Sousse da ke bakin teku. Mahaifiyarta Samira ce ke buga tanis don nishaɗi, ita ta fara kai ta fili tana ƴar shekara uku. Daga shekara huɗu zuwa 13 tana hannun koci ɗaya, Nabil Mlika. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan lokaci shi ne, a farkon al'amari kulob ɗinsu ba shi da filin kansa. A filayen otal-otal na ƴan yawon buɗe ido suke atisaye. Ka ga ke nan filin da aka gina don Bature mai hutu ya motsa jiki da yamma, shi ya zama makarantar yarinyar da za ta kai mataki na biyu a duniya.

Mahaifiyar ce direba, ita ke yawo da ita gari-gari a Tunusiya don gasannin yara. Da ta kai shekara 12 aka kai ta babban birni Tunis, makarantar wasanni ta gwamnati da ke El Menzah, inda ake haɗa karatu da horo. A nan dole a yaba wa Tunusiya. Ƙasar tana da abin da yawancin ƙasashenmu ba su da shi: makarantar da ke ɗaukar yaro mai baiwa ta riƙe shi, da filaye masu yawa albarkacin yawon buɗe ido, da kusanci da Turai.

Sakamakon bai jima ba ya fito. A 2010 ta kai wasan ƙarshe na matasa a gasar Roland Garros ta Faransa, Elina Svitolina ƴar Yukren ta doke ta. Ƙarshen shekarar aka yi mata tiyata a wuyan hannu, ta yi watanni ba ta wasa. A daidai wannan lokaci ƙasarta ke cikin juyin juya hali, wanda ya kori Shugaba Ben Ali ranar 14 ga Janairun 2011. Watanni biyar bayan haka, a Yunin 2011, ta koma Paris ta doke Monica Puig ta ɗauki kofin matasa tana ƴar shekara 16. Rabon da wani Balarabe ya ci irin wannan kofi na matasa tun 1964, lokacin da Ismail El Shafei na Masar ya ci na Wimbledon.

To, a riƙe sunayen nan biyu, Svitolina da Puig, don su ne ma'auni. Svitolina ta ci kofinta na farko na manya a 2013, kuma a 2017 ta kai mataki na uku a duniya. Puig, wadda Jabeur ta doke, ta ci kofi a 2014, sannan ta ɗauki zinariyar Olamfik a Rio a 2016. Ita Jabeur fa? A ƙarshen 2016, shekara biyar da rabi bayan kofin Paris, tana can kusa da mataki na 200.

Ramin da ke bayan tafi

Don a gane abin da ya riƙe ta, sai an san yadda kasuwar tanis take. Ɗan ƙwallon ƙafa kulob ke ɗaukarsa, ya biya shi albashi, ya ba shi likita da koci da tikitin jirgi, ko an ci ko an sha kashi. Ɗan tanis kuwa ɗan kasuwa ne mai zaman kansa. Shi zai sayi tikitinsa, ya biya otal, ya biya koci da tikitin kocin da abincin kocin, ya biya mai gyaran igiyar raket. In an fitar da shi ranar Litinin, asarar tasa ce shi kaɗai.

Matsayin ɗan wasa a jadawalin duniya ya dogara ne da makin da ya tara cikin mako 52 da suka wuce, kuma da wannan matsayin ake shiga gasa. Manyan gasanni huɗu, wato na Ostireliya da Faransa da Wimbledon da Amurka, kowacce na ɗaukar mutum 128. Kimanin 104 suna shiga kai tsaye bisa matsayinsu, 16 ta hanyar wasan share fage, takwas kuma masu gasar ne ke ba su katin alfarma, galibi ƴan ƙasarsu. Shi ya sa shiga cikin 100 na farko ya zama iyaka tsakanin mai ci da mai bara. A Wimbledon ta 2025, wanda aka fitar a zagayen farko ma ya tafi da fam 66,000, wato kusan miliyan 50 na sefa. In ka samu shiga gasannin nan huɗu, ko ba ka ci wasa ɗaya ba ka samu kuɗin tafiyar shekara.

A ƙasan tsani kuwa labarin daban ne. Ƙananan gasannin hukumar tanis ta duniya, ITF, mafi ƙanƙantarsu duka ladar da ake rabawa dala 15,000 ce, kuma wadda ta yi mako guda tana doke kowa ta ci kofin, abin da za ta samu bai kai dala 2,500 ba. Cire jirgi, cire otal, cire koci. Binciken da ita kanta hukumar ta yi kan shekarar 2013 ya nuna cewa cikin ƴan wasa kusan 14,000 da suka buga gasannin ƙwararru, sama da 6,000 ba su samu ko sisi ba, kuma ƴan ɗaruruwa ne kawai suke mayar da abin da suka kashe.

Yanzu ka ɗora wa wannan matsalar ɗan Afirka. Yarinya daga Faransa ko Italiya ko Cak tana iya shiga mota da mahaifinta su je gasa, in an fitar da ita su kwana a gida. Ɗan Afirka sai ya nemi biza, ya jira, wani lokaci ta fito bayan an gama gasar. Kuɗinsa na gida ne, kashewarsa da Yuro. Ga kaɗaici, ga abincin da bai saba ba, ga azumi ya same shi a tsakiyar gasa ba mai tayawa.

A wannan ramin Jabeur ta yi shekara shida. Tun tana 16 ta fara zuwa horo Beljiyam da Faransa, ta yi ta sauya masu horarwa. Ta samu ɗan tallafin katin alfarma daga gasannin ƙasashen Larabawa, kamar na Doha a 2012, amma irin wannan dama sau ɗaya ko biyu ce a shekara. Akwai kuma matsalar salo. Jabeur ba mai dukan ƙarfi daga bayan fili ba ce kamar yadda ake koya wa yawancin ƴan matan zamani. Ita mai dabara ce, mai yanka ƙwallo, mai sake ta a hankali ta faɗi daf da raga abokiyar karawa na can nesa. Ta sha faɗi a hirarraki cewa wasu masu horarwa sun so su raba ta da wannan salo su mai da ita kamar kowa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shekarun da ta yi tana neman zama wata daban, su ne shekarun da ta fi wahala.

Dala 50,000

A 2017 abubuwa suka juya, kuma ba a ɓoye dalilin yake ba. Manyan gasannin nan huɗu suna da wani asusu da suke zuba kuɗi don raya wasan a ƙasashe masu tasowa, ITF ke kula da shi. A shekarar aka fara ba wa zaɓaɓɓun ƴan wasa tallafi kai tsaye, Jabeur ta samu dala 50,000, kusan miliyan 30 na sefa a lokacin. Ita da bakinta ta ce wannan kuɗi ya sauke mata nauyi, ta daina shiga fili tana lissafin kuɗin otal.

A Roland Garros ta wannan shekarar an fitar da ita a wasan share fage. Sai wata ta janye, aka kira ta ta cike gurbi. Rabo ya rantse. Ta doke Dominika Cibulkova, wadda ke cikin goma na farko a duniya, ta kai zagaye na uku, abin da wata Balarabiya ba ta taɓa yi ba a manyan gasanni. Kafin shekara ta ƙare ta shiga cikin 100 na farko. Kafin ita, Selima Sfar, ita ma ƴar Tunusiya, ita kaɗai ce Balarabiyar da ta taɓa tsallaka wannan iyaka.

Daga nan tafiya ta miƙe, ko da yake ba da gudu ba. A 2018 ta kai wasan ƙarshe a Mosko. Ta haɗa tawagarta da ƴan gida: mijinta Karim Kamoun, tsohon ɗan wasan takobi, shi ya zama mai kula da ƙarfin jikinta, sannan daga 2020 Issam Jellali ɗan Tunusiya ya zama kocinta. A Janairun 2020 ta kai zagayen ƴan takwas a Ostireliya, kuma ita ce ta doke Caroline Wozniacki a wasan da ya zama na bankwanarta a lokacin. A Yunin 2021 ta ci kofin Birmingham, shekara goma cif bayan kofin matasa na Paris. Ba a jima ba bayan haka a Wimbledon ta doke Venus Williams da Garbine Muguruza da Iga Swiatek ɗaya bayan ɗaya. A Oktoba ta shiga cikin goma na farko, abin da babu Balarabe, mace ko namiji, da ya taɓa yi.

A 2022 ta ci Madrid, ta ci Berlin, ta hau mataki na biyu a duniya. Ranar 9 ga Yuli, ranar Babbar Sallah a Tunusiya, ta shiga wasan ƙarshe na Wimbledon, mace ta farko daga Afirka da ta kai wasan ƙarshe na babbar gasa tun da aka buɗe wa ƙwararru ƙofa a 1968. Ta ci turmin farko 6-3, sai Elena Rybakina ta juyar da wasan ta cinye biyun ƙarshe 6-2, 6-2. Wallahi ranar naman Sallah bai yi wa mutane da yawa daɗi ba. Bayan wata biyu Swiatek ta doke ta a wasan ƙarshe na Amurka. A 2023 ta sake kai wa na Wimbledon, Marketa Vondrousova ta doke ta 6-4, 6-4, ta tsaya tana kuka a gaban duniya.

Masu sharhi sun fi son tsayawa kan waɗannan wasanni uku, suna cewa zuciyarta ce ba ta ɗaukar babbar rana. Ni abin da nake gani daban ne. Jabeur ta iso ƙololuwa tana shekara 27 zuwa 28, da gwiwar da ta riga ta sha wahala. Shekara biyu zuwa uku kawai ta samu a saman kafin jiki ya fara ƙi, gwiwa da kafaɗa suka katse mata 2024. Swiatek ta ci babbar gasarta ta farko tana 19, tana da shekaru a gaba na faɗuwa da tashi da koyo. Jabeur kuwa duk wasan ƙarshe da ta shiga, ta san ba ta da yawan irinsa a gaba, ga kuma nauyin nahiya guda da duniyar Larabawa a kanta ita kaɗai. Shekaru shidan nan da ta ɓatar a ƙasan tsani, a ƙarshen tafiya aka cire mata su.

Wani abin lura kuma, ita Rybakina da ta doke ta a Rasha aka haife ta. A 2018 ta koma buga wa Kazakistan wasa saboda hukumar tanis ta can ta ɗauki nauyinta. Ko a Turai da Asiya ma, kuɗin tsallake ramin nan ne ke yanke wa ɗan wasa tutar da zai ɗaga.

Tsanin da Mboko ta taka

Iyayen Mboko sun bar Kwango a ƙarshen shekarun 1990 saboda rikici. An haife ta a Amurka, a jihar North Carolina, aka koma da ita Kanada tana jaririya. Yayyenta uku duk sun buga tanis. Ita ma ba a kan katifa ta taso ba: ciwon gwiwa ya dame ta a shekarun ƙuruciya, kuma ta shiga 2025 tana bayan mataki na 300. A farkon shekarar ta ci wasa 22 a jere a ƙananan gasanni. Ta samu katin alfarma a Miami ta ci wasanta na farko a matakin manya. Ta bi ta share fage ta kai zagaye na uku a Roland Garros. A Wimbledon an fitar da ita a share fage, sai wata ta janye aka kira ta, kamar dai yadda ya faru da Jabeur a 2017.

Sai Montreal. Hukumar tanis ta Kanada, mai gasar, ta ba ta katin alfarma tana mataki na 85. Ta doke mata huɗu da kowacce ta taɓa cin babbar gasa: Sofia Kenin, Coco Gauff, Rybakina da Osaka. Kenin ce ta tsayar da Jabeur a Ostireliya a 2020, Rybakina ce ta hana ta kofin Wimbledon. A mako biyu Mboko ta samu sama da dala 750,000, ta shiga cikin 25 na farko a duniya. Matsalar kuɗin jirgi ta ƙare mata tana ƴar 18.

Ba na rage mata komai, yarinyar gwana ce. Amma a dubi abin da ke ƙarƙashin ƙafarta. Kanada ba ƙasar tanis ba ce a da, ƙasar ƙanƙara ce. A 2007 hukumarsu ta buɗe cibiyar horo ta ƙasa a Montreal, ta ɗauko ƙwararre Louis Borfiga daga Faransa, tana zuba ribar gasar da take shiryawa duk shekara a Montreal da Toronto wajen renon yara. Daga wannan tsari aka ga su Milos Raonic da Eugenie Bouchard da Bianca Andreescu da Felix Auger-Aliassime, wanda mahaifinsa ɗan Togo ne. Mboko ta samu koci irin Nathalie Tauziat, wadda ita kanta ta taɓa kai wa wasan ƙarshe na Wimbledon a 1998. Ta samu likita lokacin da gwiwa ta ƙi, ta samu babbar gasa a gida da ƙofarta ke buɗe gare ta. Da a Kinshasa ta tashi da wannan baiwar da wannan ciwon gwiwar, ina jin da ba mu ji sunanta ba.

Adalci kuma ya sa in ce ba a san gobe ba. Bouchard ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2014 tana 20, daga nan ta yi ƙasa. Andreescu ta ci gasar Amurka a 2019 tana 19, rauni ya hana ta sakat. Isowa da wuri ba ta tabbatar da daɗewa. Abin da take bayarwa shi ne lokaci da kuɗin yin kuskure a gyara, kuma waɗannan su ne Jabeur ba ta samu ba.

Tsohon labari ne

Masu shekaru a Kamaru sun san wannan labarin tun da daɗewa. A 1971 Arthur Ashe, baƙar fatar Amurka, ya zo rangadi Yawunde ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana buga ƙwallo. Ya kira shugaban hukumar tanis ta Faransa, aka kai yaron birnin Nice. Shi ne Yannick Noah, wanda ya ci Roland Garros a 1983 da tutar Faransa, ƙasar mahaifiyarsa, kuma har yau babu Bafaranshe namiji da ya sake cin ta. A shekarar 1983 ɗin ce Nduka Odizor na Najeriya, wanda ya fara da tsintar ƙwallo a Legas kafin a kai shi karatu Houston, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon. Frances Tiafoe, da ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Amurka sau biyu, ɗan wani ɗan gudun hijira ne daga Saliyo da ya yi aikin kula da wata cibiyar tanis a Maryland. Ko Mayar Sherif ta Masar sai da ta bi ta jami'a a Amurka da horo a Sifaniya.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Angella Okutoyi ta Kenya, marainiyar da kakarta ta rena. A Wimbledon ɗin nan ta 2022 da Jabeur ta kai wasan ƙarshe, Okutoyi ta ci kofin matasa na ƴan bibbiyu. A Maris ɗin 2024 ta ci zinariya a wasannin Afirka da aka yi a Akara. Wannan zinariya ta ba ta gurbin Olamfik na Paris, da sharaɗin ta kasance cikin 400 na farko a duniya kafin wa'adi ya cika. Ta yi ta fafutukar neman maki, ba ta kai ba. Zakarar Afirka guda, ta kalli Olamfik a talabijin. Tana tsaye ne a daidai inda Jabeur ta tsaya a 2012.

A Nijar ma mun ga irin haka a wani wasan. Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo azurfar Olamfik a taekwondo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017, amma a Jamus ya yi horon da ya kai shi can. A gefe guda kuma ga kokowar gargajiya, da take da tsani tun daga dandalin ƙauye har zuwa gasar takobi ta ƙasa, ga lada, ga masu ɗaukar nauyi, ga ƴan kallo. Shi ya sa ba a taɓa rasa sabon zakara a kokowa ba. Inda aka kafa tsani, yara suna hawa.

Me ya rage mana?

Ba na cewa gwamnatocin da ke fama da albashin malamai su gina wa tanis fada. Abin da labarin Jabeur ya koya min shi ne, kuɗin da ake buƙata ba su kai yadda ake tsoro ba, kuma an san inda ya kamata a sa su.

Na farko, filaye. Akwai filayen tanis a manyan otal-otal da kulob-kulob da barikoki da jami'o'i daga Yamai zuwa Kano, daga Garwa zuwa Kumasi, wasu ciyawa ta cinye, wasu kuma a kulle sai manya sun zo da yamma. Jabeur a irin waɗannan ta koya. Buɗe su ga yaran unguwa awa biyu da safe ba ya buƙatar kasafin kuɗi, sai dai mai cewa a buɗe.

Na biyu, gasa a kusa da gida. Tunusiya da Masar sun gane wannan, garuruwan Monastir da Sharm el-Sheikh suna shirya ƙananan gasannin ITF kusan kowane mako, ɗan ƙasa ya tara maki ba tare da biza ba. Ladar irin wannan gasa ba ta kai miliyan tara na sefa ba. Kamfanin waya ko banki ɗaya na kashe fiye da haka a allunan talla. Kano ta daɗe da gasar Dala, Legas ta shirya gasannin da ke ba da makin duniya, Akara ta gina filaye saboda wasannin 2024. Da ƙasashen yankin za su jera makonni shida ko takwas a jere, ɗan wasa ya bi su da mota, da an rage rabin wahalar.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, a daina sakin yaro a ranar da ya ci kofin matasa. Al'adarmu ita ce a tarbe shi a filin jirgi, a kai shi fadar shugaban ƙasa, a ɗauki hoto, a ba shi ambulan, shi ke nan. Alhali daga ranar ne yake shiga shekaru biyar mafi tsada a rayuwarsa. Mutum biyu ko uku kawai a ƙasa, a ɗauke musu jirgi da koci da likita daga shekara 17 zuwa 22, a rubuce, ba sai sun je suna gaisuwa ofis-ofis ba. Dala 50,000 ta sauya rayuwar Jabeur. Da ta zo a 2012 maimakon 2017, Allah kaɗai ya san kofunan da za a ƙirga.

Ƴan Tunusiya suna kiran Jabeur ministar farin ciki, kuma ta cancanci sunan. Albarkacinta aka kai gasar manya ta mata garin Monastir a 2022, kuma yara mata da yawa a ƙasashen Larabawa da Afirka sun ɗauki raket saboda sun gan ta. Ko ta dawo fili ko ba ta dawo ba, ta yi nata. Yaran da suka fara wasa saboda ita a 2021 da 2022, nan da shekara biyar zuwa shida za su iso bakin ramin da ta faɗa. Wasu iyayensu za su samu hanyar Kanada ko Faransa, mu kalle su a talabijin muna cewa ai ƴan asalin wurinmu ne. Sauran, waɗanda suka tsaya a gida, su nake tambaya a kai: wa zai biya musu kuɗin jirgi?